Cinikin intanet da ƙasashen waje yana sa kamfani ya gyara yadda yake mu'amala da muhalli?

Wani ɗan kasuwa daga Yauri, mai ƙaramin kamfanin da ke gyara riɗi da sarrafa man kaɗanya, ya aiko da tambaya. Ya ce shekara biyu ke nan yana samun masu saye daga ƙasashen waje ta intanet, kuma ya lura cewa kusan duk wanda ya tuntuɓe shi daga Turai, kafin a kai ga maganar farashi, sai ya fara tambayar wane maganin ƙwari aka zuba wa kayan, da yadda aka busar da ƙwarar kaɗanyar, da kuma cikin abin da za a ƙunshe kayan. Yana so ya san ko wannan ciniki da gaske yana tura kamfanoni su ƙirƙiro hanyoyin aiki marasa cutar da muhalli, ko kuwa wata sabuwar dabara ce ta toshe wa ƙananan 'yan kasuwa irinsa hanya.

Alhaji, duka abubuwan biyu da ka faɗa suna faruwa, kuma abin da ke raba su shi ne ko sharaɗin da mai saye ya gindaya abu ne da za a iya aunawa a ɗakin gwaje-gwaje. Inda za a iya ɗaukar samfurin kaya a gwada a ga sakamako, kamfanoni suna sauya aikinsu da gaske, domin kwantenar da aka maido daga tashar jirgin ruwa asara ce da ba ta jin lallashi. Inda kuwa sharaɗin bai wuce a rubuta kalma mai daɗi a jikin kwali ba, abin da ake ƙirƙirowa shi ne kalmar, aikin yana nan yadda yake.

Ya kamata a fara da fahimtar abin da intanet ta sauya. A da, riɗin da aka noma a Ngaski ko Shanga yana bin hannu huɗu ko biyar kafin ya hau jirgi: mai awo a kasuwar ƙauye, dillali, ɗan sari da ke tara wa wani babban kamfani a Kano, sannan mai fitarwa a Legas. Idan Bature yana da ƙorafi a kan kayan, ƙorafin yana tsayawa ne a Legas, mai fitarwa ya rage farashin da zai saya a kaka mai zuwa, manomi kuwa ba zai taɓa sanin dalilin faɗuwar farashin ba. Yanzu da kake magana da mai saye kai tsaye, ƙorafin da sharaɗin suna zuwa har cikin wayarka. Sharuɗɗan sun daɗe da wanzuwa, dillalai ne suke shanye su a hanya, suna cire ladansu. Wannan kusantar ita ce babbar hanyar da cinikin intanet ke taɓa batun muhalli, tun da ba wanda zai gyara abin da bai san an tuhume shi a kansa ba.

Mafi yawan nazarin da masana tattalin arziki suka yi a kan wannan batu daga ƙasar Sin ya fito, kuma akwai dalili. A shekarar 2015 gwamnatin Sin ta ware birnin Hangzhou, mazaunin kamfanin cinikin intanet na Alibaba, a matsayin yankin gwaji na cinikin intanet da ƙasashen waje, inda aka sauƙaƙa aikin kwastan da biyan haraji, daga baya kuma aka faɗaɗa tsarin zuwa yankuna fiye da ɗari, kashi-kashi. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta kamfanonin da ke garuruwan da aka ware da waɗanda ke garuruwan da ba a kai gare su ba tukuna, kuma galibin abin da aka wallafa ya nuna cewa kamfanonin yankunan gwaji sun ƙara yawan takardun mallakar fasaha da suke nema a fannonin rage hayaƙi, tsimin makamashi da sarrafa shara. Bayanin da ake bayarwa yana komawa ga tunanin da masana biyu, Michael Porter da Claas van der Linde, suka shahara da shi tun 1995, cewa doka mai tsauri idan an tsara ta da kyau tana tilasta wa kamfani ya gano ɓarnar da yake yi a cikin aikinsa, kuma sau da yawa ribar toshe ɓarnar tana biyan kuɗin bin dokar. Ina ganin akwai gaskiya a wannan, amma ina jan hankalinka kada ka ɗauki sakamakon Sin ka ɗora a kan Kebbi kai tsaye. Kamfanonin da ake ƙirgawa a irin wannan nazari yawanci manya ne da ke kasuwar hannun jari, suna da injiniyoyi da bankunan da ke ba su bashi mai sauƙi, kuma abin da ake aunawa takardar mallakar fasaha ce, wadda mai sarrafa man kaɗanya a Yauri ba zai taɓa nema ba ko da ya rage itacen da yake ƙonawa da rabi. Ƙirƙirar da ta shafe mu ba ta shiga wannan lissafin.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin piya-piya da 'yan kasuwarmu ke yayyafa wa buhuna a sito. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, alhali an riƙa samun wakenmu da ninkin wannan sau goma-goma, wani ma sau ɗaruruwa. An sha tsawaita haramcin. Abin lura shi ne maganin matsalar ya riga haramcin zuwa, domin tun wajajen 2007 ake yaɗa buhun PICS a Afirka ta Yamma, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne dabam, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Buhun ya fi na yau da kullum tsada, kuma mai sayen wake a kasuwar Jega ko Gusau ba ya tambayar yadda aka adana shi, saboda haka ɗan kasuwa bai ga abin da zai sa ya ƙara kashe kuɗi ba. Duk wanda na gani ya rungumi wannan buhu da muhimmanci a cikin masu tara kaya, to yana da mai saye da ke gwada kayan kafin ya biya. Wannan shi ne tasirin a zahiri: fasahar tana nan a ajiye, mai saye mai gwaji ne yake sa a ɗauko ta.

Haka abin yake a kayan da kake sayarwa. Riɗin Najeriya yana cikin kayan da Turai ke tsananta wa bincike a bakin iyaka saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda ke shiga galibi lokacin shanya a ƙasa inda kaji da awaki da tsuntsaye ke bi. Gyaran yana farawa daga tamfol da wurin shanya mai tsafta, kafin a zo maganar injin tacewa. Tambayar da ake yi maka game da busar da ƙwarar kaɗanya ma tana da tushe: idan aka busar da ƙwara da hayaƙin itace, hayaƙin yana barin wasu sinadarai a cikin man waɗanda dokar abinci ta Turai ta sa wa iyaka, kuma ana gano su a gwaji. Mai sarrafawa da ke son riƙe wannan kasuwa dole ya koma tafasa ƙwara da shanya ta a rana, ko a ɗakin shanya mai rufin leda, kuma da zarar ya fara lissafin itace sai ya gane cewa dusar da ke ragewa bayan an tatse man, wadda mata ke zubarwa a bayan gida, tana ci da wuta idan ta bushe, kuma murhu mai rufaffen gefe yana cin itace ƙasa da na duwatsu uku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sami takardar mallakar fasaha, amma a garin da ake sare kaɗanya a yi gawayi da ita, rage itacen dahuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Wani lokacin ma abin da kasuwar waje ke nema tsohuwar sana'armu ce. Tun 2015 dokar sinadarai ta Turai ta hana sayar da kayan fata da ke taɓa jikin mutum idan wani nau'in sinadarin kuromiyam mai cutarwa ya kai miligiram 3 a kilo, kuma da kuromiyam ake jeme mafi yawan fatar masana'antu a duniya. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni. Baduku a Gusau ko Talata Mafara da ke ɗinka jaka da fatar jar akuya da aka jeme da bagaruwa yana riƙe da abin da masu saye a shafukan ciniki na intanet irin su Etsy ke nema da suna, suna kuma ƙara kuɗi a kansa, sai dai matsalarsa warin fata ne da rinin da ke zuba, da kuma yadda zai tabbatar wa wanda bai taɓa ganinsa ba cewa abin da ya faɗa gaskiya ne.

Su kansu shafukan ciniki sun zama masu aiwatar da dokar muhalli, kuma wannan sabon abu ne da ba a san shi ba a cinikin dillalai. Daga 1 ga Yulin 2022, dokar Jamus ta wajabta wa kasuwannin intanet su tabbatar cewa duk mai aika kaya ga masu saye a ƙasar ya yi rajista a kundin masu ƙunshe kaya da ake kira LUCID, yana kuma biyan kuɗin kwashe kwali da ledar da ya ƙunshe kayan da su, in ba haka ba a toshe masa sayarwa. Faransa tana da makamancin wannan. Kuɗin yana bin nauyi da nau'in abin ƙunshi, saboda haka mai sayarwa yana da riba kai tsaye idan ya rage leda. Ba jami'in kwastan ba ne ke tare ka a nan, kwamfuta ce, ita kuwa ba ta san “a yi haƙuri” ba.

Sai dai akwai ɓangaren da masu yabon wannan ciniki ba sa son daɗewa a kansa. Cinikin intanet na ɗaiɗaikun kaya a jirgin sama yake tafiya, kuma ɗaukar tan guda a jirgin sama yana fitar da hayaƙi ninkin-ba-ninkin na jirgin ruwa a tazara ɗaya. Hukumar Tarayyar Turai ta ce a 2024 kaɗai ƙananan ƙunshin kaya kimanin biliyan 4.6 suka shiga ƙasashenta, kusan kashi 91 cikin ɗari daga Sin. Kwalbar man kaɗanya da aka dafa da murhu mai tsimin itace, sannan aka naɗe ta da leda ninki uku aka ɗora a jirgin sama daga Kano zuwa Landan, zai yi wuya a ce ta amfani muhalli idan aka haɗa lissafin gaba ɗaya. Sannan ba kowane mai saye na waje ne mai tambaya ba. Intanet ɗin da ta kawo maka Bajamushe mai neman takardar gwaji ita ce ke kawo wa wani mai neman kwantenonin gawayi, wanda bai damu da ko daga wane daji aka saro itacen ba, duk da cewa gwamnatin tarayya ta sha hana fitar da gawayi. Kasuwa tana ƙara ƙarfin abin da mai saye ke so ne, mai kyau ko maras kyau. Mutanen Zamfara sun ga ƙarshen kasuwar da ba ta tambaya a 2010, lokacin da tsadar zinariya a duniya ta sa aka riƙa niƙa duwatsu masu dalma a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu, alhali zinariyar ta ci gaba da samun masu saye ba tare da wani ya tambayi yadda aka fitar da ita ba.

Akwai kuma ƙaryar lakabi. Wani bincike da Hukumar Tarayyar Turai ta yi a 2020 ya gano cewa fiye da rabin iƙirarin kula da muhalli da ake rubutawa a jikin kaya ko dai ba su da ma'ana takamaimai, ko suna ɓatar da mai saye, ko ba su da hujja. Shi ya sa suka yi doka a 2024 da ta hana rubuta irin waɗannan kalmomi na gama-gari ba tare da shaida ba, wadda aka tsara za ta fara aiki a Satumbar 2026. Ina ba ka shawara tun yanzu ka daina rubuta cewa kayanka “na halitta ne zalla” ko “ba sa cutar da muhalli” idan ba ka da takardar da za ka nuna. Ka rubuta abin da ka yi: an tafasa, an shanya a rana, ba a zuba magani a sito ba, ga sakamakon gwaji.

Zargin da ka yi na toshe hanya yana da gurbi a nan. Kuɗin gwaji da na takardar shaida kusan ɗaya ne ga mai fitar da tan biyar da mai fitar da tan dubu biyar, saboda haka nauyinsa a kan ƙarami yake faɗawa. Dokar Turai ta 2023 kan sare dazuka, wadda ta shafi koko, kofi, waken suya, kwakwar manja, roba, katako da shanu, tana neman a nuna ainihin wurin gonar da kayan suka fito a taswira, a kuma tabbatar ba a sare daji domin ita ba bayan ƙarshen 2020. Riɗi da kaɗanya ba sa cikin jerin, kuma an ɗage ranar fara aiki da dokar, amma manyan masu saye sun riga sun saba da neman irin wannan bayani, suna kuma faɗaɗa shi zuwa sauran kaya. Kamfanin da ke sayen ƙwara daga mata ɗari uku da ke tsinta a daji ba shi da gonar da zai nuna. Idan ƙananan masu sarrafawa ba su haɗa kai sun raba kuɗin gwaji da na rajista a tsakaninsu ba, sakamakon waɗannan dokoki shi ne kasuwa ta koma hannun manyan kamfanoni biyu ko uku, su kuma ƙananan su koma sayar musu da ɗanyen kaya kamar da.

A ganina, ga Kebbi da Zamfara, tasirin da ya fi girma ta ƙofar saye ya shigo, fiye da ta sayarwa. Shinkafar Kebbi, wadda ta bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, a cikin gida ake cinye ta, ba wani Bature da ke gindaya mata sharaɗi. Amma bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, manomin rani a fadamar Argungu ko Suru da ke shayar da gona da injin fetur ya ga ribarsa tana ƙarewa a jarka, kuma abin da ya cece shi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ne. Farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya tsakanin 2010 da 2020, kuma intanet ta sa ƙaramin ɗan kasuwa yana iya kwatanta farashin masana'antu a Sin, ya yi oda, ya haɗa kaya da wasu a kwantena ɗaya, ba sai ya taka ƙafa ya je ba. Injin matse ƙaiƙayin shinkafa ya zama curin makamashi, na'urar auna danshin hatsi, ƙaramin injin busarwa, duk ta wannan hanya suke isowa. Babu wanda ya sayi waɗannan don kishin muhalli, tsadar mai ce ta kora shi, kuma ban ga aibin hakan ba, tun da gyaran da aljihu ya ɗauki nauyinsa ya fi wanda wa'azi ya kawo daɗewa. Abin da ke damuna shi ne batir. Kayan sola masu arha da ake shigowa da su ba tare da tantancewa ba suna mutuwa da wuri, kuma tsohon batir mai dalma yana ƙarewa ne a hannun 'yan gwangwan da ke fasa shi su zubar da ruwansa a ƙasa su narka dalmar a fili. Jihohin da suka san abin da dalma ke yi wa jinin yaro bai kamata su bari a maimaita shi ta wata ƙofa ba.

Dangane da kamfaninka, ga yadda zan jera kashe kuɗin da a ce ni ne. Kafin ka sayi kowane inji, ka nemi mai sayen ya aiko maka da ƙa'idojinsa a rubuce, da lambobi: iyakar danshi, iyakar tsamin mai, sunayen magungunan da zai gwada. Wanda ya kasa ba ka wannan, yana ta maimaita cewa yana son kaya masu kula da muhalli, ba shi da abin da za ka gina jari a kansa. Sannan ka kai samfurin kayanka na yanzu ɗakin gwaji da aka amince da shi, ka ga inda ka faɗi, domin sau da yawa abu ɗaya ne ko biyu, kuma gyaransu yana wurin shanya da sito, ba ya buƙatar bashin banki. Rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, da takardun NAFDAC da na hukumar kula da lafiyar tsirrai da dabbobin da ke ƙetare iyaka, NAQS, wajibi ne ko da mai saye bai tambaya ba. Babban jari irin na ɗakin shanya ko sola mai ɗaukar injin niƙa kuwa, kada ka shige shi a kan oda guda da aka yi ta WhatsApp. Ka nemi yarjejeniyar da ta wuce kaka ɗaya, ko mai sayen ya ba da wani kaso tun farko, domin cinikin intanet yana da saurin kawo mai saye kuma yana da saurin ɗauke shi zuwa ga wanda ya rage masa kwabo a Gana ko Burkina Faso.

A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida da nufin a riƙa sarrafa ta a cikin gida. Duk lokacin da aka ɗauki irin wannan mataki, tafasa da suya da tatsa da a da ake yi a masana'antun waje suna dawowa garuruwanmu, tare da itacen da ruwan da suke ci. Idan za ka ƙara yawan man da kake fitarwa a wannan yanayi, ka fara auna yawan itacen da buhu ɗaya na ƙwara ke ci a wurinka yau, ka rubuta shi a littafi, ka sake aunawa bayan ka sauya murhu ka fara ƙona dusar. Wannan lambar ce za ka nuna wa mai saye na gaba da ya tambaye ka da me kake dahuwa.